Daga Katsina Zuwa Jidda: Nisan Hanya da Sa'o'in Tafiya

A kowace shekara, idan watan Shawwal ya kama aka fara tara maniyyata domin bita a garuruwan ƙasar Daura, tun daga Sandamu da Zango da Baure har zuwa Mai'aduwa, akwai tambayoyi biyu waɗanda ba su cikin littattafan hukunce-hukuncen Hajji, amma da wuya a tashi daga zama ba wani dattijo ko wata tsohuwa ta yi su ba: shin mene ne nisan da ke tsakaninmu da Jidda, kuma sa'a nawa jirgi yake yi kafin ya sauka? Galibi akan haɗa su a ba da amsa guda, a ce tafiyar sa'a huɗu ce da 'yan kai, a wuce zuwa bayanin ɗawafi. To amma tambayoyin nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ya cancanci a rarrabe su, domin nisa abu ne tabbatacce wanda bai ƙaru ba bai ragu ba tun zamanin da kakanninmu suke takawa da ƙafa, alhali kuwa lokacin tafiya yana miƙewa yana taƙurewa gwargwadon iska, da nauyin jirgi, da shirin ma'aikata, da kuma zaman lafiyar ƙasashen da za a ƙetare ta samansu.

Mutumin Sandamu yana zaune ne tsakanin filayen jirgi biyu. Garinsa yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure ta shiga Daura, saboda haka idan ya yi kudu zai isa filin jirgin Malam Aminu Kano bayan tafiyar da ta haura kilomita 100, idan kuwa ya shiga Daura ya yi yamma ta Mashi, zai isa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina a tafiyar da ba ta kai haka ba. Maniyyatan da suka biya kujera ta hannun hukumar alhazai ta jiha daga Katsina suke tashi, masu zuwa Umra da masu bin jirgin yawo kuwa sun fi bi ta Kano ko Abuja. A can ɗaya ɓangaren ma filaye biyu ne, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina. Daga Katsina zuwa Jidda, a miƙe, kimanin kilomita 3,470 ne. Daga Kano zuwa Jidda kimanin 3,420. Wanda kuwa aka nufa da shi Madina kai tsaye daga Katsina, tasa tafiyar ta kusa kilomita 3,600. Mai karatu zai lura cewa Kano, ko da yake tana kudu da Katsina, ita ta fi kusa da Jidda da ɗan kaɗan, saboda ta fi matsawa gabas.

Yaya aka san waɗannan adadai, alhali ba wanda ya ja igiya daga Katsina ya ƙetare hamada da Bahar Maliya? Amsar tana cikin ilmin hisabi da falaki, kuma Musulmi suna da rabo babba a cikinsa. Tun da ƙasa a dunƙule take, masana sun kasa kewayenta kashi 360, kowane kashi suka kira shi daraja, kuma tun da kewayen nan ya kai kimanin kilomita 40,000, kowace daraja guda tana daidai da kilomita 111 ko kusa da haka. Kowane gari kuma yana da adireshinsa na darajoji, watau nisansa daga layin da ya raba duniya biyu, da kuma nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Landan. Filin jirgin Katsina yana daraja 13 arewa da kusan 8 gabas, na Jidda kuwa yana kusan daraja 22 arewa da 39 gabas. Da waɗannan lambobi huɗu mai hisabi zai fitar da cewa kusurwar da ke tsakanin garuruwan biyu, in an auna ta daga cibiyar ƙasa, daraja 31 ce da ɗoriya, ya ninka ta da 111, sai ga nisan ya fito. Wanda yake son ya gani da idonsa, sai ya kife ƙwarya, ya ɗiga alama biyu a bayanta, ya ɗame zare tsakaninsu. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanya mafi gajarta, kuma zai ga ta ɗan lanƙwasa idan ya kwatanta ta da layin da ake ja da rula a kan taswirar da aka shimfiɗa a takarda.

Wannan awo ba na jiya ba ne. Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga shekarar 813 zuwa 833, ya aika masana falaki zuwa filin Sinjar a ƙasar Iraki, suka yi tafiya arewa da kudu suna auna tsayin taurari da rana har suka tabbatar da tsawon daraja guda, suka ce mil 56 ne da biyu bisa uku da milin Larabawa, adadin da bai yi nisa da abin da na'urorin yau suka nuna ba. Bayansa da kusan shekara 200, Abu Raihan Albiruni ya wallafa littafi sukutum a kan iyakance wuraren garuruwa da gyara nisan da ke tsakaninsu, ya kammala shi a 1025, kuma daga cikin manyan abubuwan da ya nema a ciki akwai alƙiblar birnin Gazna. Abin da ya zaburar da waɗannan malamai kuwa shi ne bukatar mai salla ya san inda zai fuskanta, domin alƙibla ba wani abu ba ce face mafarin wannan gajeren layi da ya haɗa mutum da Ka'aba. Daga Sandamu da Daura, alƙibla tana daraja 70 daga arewa, watau gabas ce wadda ta karkata arewa da daraja 20, kuma da yake Jidda ba ta da nisa da Makka, kusan wannan fuskar ce jirgin alhazai zai kama idan ba abin da ya tare masa hanya. Ina ganin wannan abin sha'awa ne ƙwarai, a ce limamin ƙauye da matuƙin jirgi mas'ala guda suke warwarewa, kowa da irin kayan aikinsa.

Idan aka bi layin nan daga Katsina, zai ratsa sararin da ke arewa da Daura kaɗan, wajen iyakar Mai'aduwa, ya shiga ƙasar Damagaram ta kudu da Zandar, ya wuce ta arewacin tafkin Chadi, ya haura duwatsun Ennedi, ya faɗa hamadar arewacin Sudan, ya ƙetare kogin Nilu a yankin Dongola, sannan ya fito gaɓar Bahar Maliya arewa da Port Sudan, daga nan sai ruwa har Jidda. Jirage ba su bin sa sak, domin sararin sama yana da hanyoyinsa da aka shata, da mahaɗai, da jami'an kowace ƙasa waɗanda suke karɓar jirgi ta rediyo su miƙa shi ga na gaba. Saboda haka abin da jirgi yake ci a zahiri yakan ɗara na lissafi. Su ma matuƙa ba da kilomita suke magana ba, da milin teku suke yi, wanda yake mita 1,852, watau kashi ɗaya cikin sittin na daraja, ta yadda tafiyar Katsina zuwa Jidda a bakinsu ba ta cika mil 1,900 ba.

To, sai batun lokaci. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna tafiya tsakanin kilomita 850 da 900 a sa'a guda, idan sun kai maƙurar hawansu, wanda yake wajen ƙafa 35,000, sama da kilomita 10 ke nan daga doron ƙasa, inda iska take da sauƙin ratsawa, mai kuma ba ya ƙonewa da yawa. Wanda ya raba 3,470 da wannan gudu zai sami sa'a huɗu. Amma jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudu, ba ya kuma gama ta da shi: yakan yi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 yana hawa, musamman idan ya ɗauko mutum sama da 500 da kayansu kamar yadda Boeing 747 yake yi, sannan ya fara gangarowa tun da sauran kamar rabin sa'a, yana rage gudu, wani lokaci kuma a umarce shi ya yi ta kewaye a sama har a ba shi izinin sauka, domin a kwanakin Hajji jiragen duniya duka Jidda da Madina suka nufa. Shi ya sa sa'a huɗun lissafi take zama huɗu da rabi. Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti kuwa ya fi wannan, domin su daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda aka yi lodi suke ƙirgawa har zuwa sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin, tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi duk tana ciki. A gajeriyar tafiya abin ya fi fitowa fili: Katsina zuwa Abuja bai wuce kilomita 450 ba, rabin sa'a ke nan a lissafi, amma sai an yi wajen sa'a guda, domin hawa da sauka sun cinye mafi yawan hanyar.

Iska kuma tana da nata hukuncin, wanda mafi yawan fasinja ba su san da shi ba. Gudun da aka ambata gudu ne a cikin iska, ita kuwa iskar can sama tafiya take yi, saboda haka idan ta biyo bayan jirgi sai gudunta ya ƙaru a kan nasa, idan ta fuskance shi sai a debe. A ƙaddara iska tana tafiya gabas da gudun kilomita 80 a sa'a: mai zuwa Jidda zai yi sa'a uku da daƙiƙa 40 ko kusa, mai dawowa kuwa sa'a huɗu da daƙiƙa 25, bambancin kusan daƙiƙa 45 a kan hanya guda. A wannan yanki namu iskar sama tana juyawa da juyawar shekara. Da hunturu, daidai lokacin da iskar ƙasa take kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura, ta can sama daga yamma take zuwa, tana taimakon mai tafiya. Da damina kuwa sai wata iska mai ƙarfi ta taso daga wajen Indiya ta ratso Afirka zuwa yamma, ta taimaki mai dawowa. Da yake watan Zulhajji yana matsowa baya da kwana 11 a kowace shekara, har ya kewaye lokutan shekara duka cikin shekara 33, Alhajin da ya je da sanyi da ɗansa da ya je da damina za su iya saɓawa a kan wace tafiya ta fi tsawo, zuwa ko dawowa, alhali kowannensu gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi rikita sabon matafiyi shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'a biyu, kuma wannan ba son ran hukuma ba ne, domin rana tana cin daraja guda a kowace daƙiƙa huɗu, darajojin da ke tsakanin Katsina da Jidda daga yamma zuwa gabas kuwa 31 ne da rabi, watau sa'a biyu da daƙiƙa shida. Wanda jirginsa ya tashi da ƙarfe 10 na safe ya yi sa'a huɗu da rabi a sama, agogon hannunsa zai nuna biyu da rabi, amma na bangon filin jirgin Jidda zai nuna huɗu da rabi, la'asar ta riga ta yi. A dawowa sai abin ya juya, ya tashi ƙarfe 10 ya sauka sha biyu da rabi, har ya ga kamar tafiyar ta yi rabi. Mai salla ba ruwansa da agogon garinsu a wannan hali, ranar wurin da yake ita ce abin lura, kuma saboda haka ne malamai masu bita suke nanata hukuncin kasaru da haɗa salloli. Littattafan mazhabar Imam Malik da ake karantawa a zaurukanmu sun iyakance masafar kasaru da baridi huɗu, watau mil 48, abin da ya yi daidai da kilomita 80 da wani abu, kuma a dā ana ƙiyasta ta da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Jirgin sama yana cinye wannan masafa cikin ƙasa da daƙiƙa shida, ya kuma maimaita ta fiye da sau 40 kafin ya isa Jidda, amma rangwamen bai faɗi ba, domin fuƙaha'u ga masafa suka rataya shi. Wannan gudun ne kuma ya sa batun miƙati yake bukatar shiri: wanda aka nufa da shi Makka ta Jidda, idan ya jira sai an yi shelar an daidaita da miƙati sannan ya fara neman haraminsa a cikin jaka, jirgi mai cin kilomita 14 a daƙiƙa guda zai riga shi. Wanda aka fara kaiwa Madina, kamar yadda ake yi wa mafi yawan alhazanmu a shekarun nan, shi ya huta, sai ya ɗaura a Zulhulaifa cikin natsuwa.

Domin a san darajar waɗannan sa'o'i huɗu da rabi, wajibi ne a waiwayi yadda hanyar take kafin su. Da a ce mai tafiyar ƙasa zai iya bin miƙaƙƙen layin nan, yana cin kilomita 25 kullum ba hutu, da sai ya yi wata huɗu da rabi. Amma ba mai iya bin sa, domin babu ruwa a kansa. Hanyar da mutanenmu suka sani ta fi karkata kudu: daga Kano zuwa Barno, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, a bi ta Abeshe cikin ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid zuwa Umdurman, sannan a gangara Sawakin a nemi jirgin ruwa. Kaɗan ne suke yin ta cikin shekara guda. Mafi yawa guzurinsu yakan ƙare, su tsaya su yi noma ko ƙodago ko koyar da allo, su tara abin da zai kai su zango na gaba, har a yi shekara biyar ko bakwai ko fiye, a haifi 'ya'ya a hanya, a binne iyaye a hanya. Da yawa ba su kai ba, ba su kuma dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kuma da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban mahajjatan ƙasar Hausa da Barno ne suka zama ƙarfin aikinsu. Zuriyarsu na nan a Sudan har yau, suna jin Hausa.

Masu hali sun nemi wata hanya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali a 1921, amma ta teku ya bi, ya biya ta Ingila, watau ya yi kewayen da ya ninka miƙaƙƙiyar hanya sau da yawa, duk da haka ya riga mai tafiyar ƙasa komowa gida. Shekara huɗu bayan haka, ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Coningham, bayan sun taso daga Masar sun yi kwanaki suna yada zango a Hartum da Ubayyid da Fashir da Fort Lamy da Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano a kan waɗannan zangunan. Abin lura a nan shi ne hanyar jirgin sama ta farko da ta shigo ƙasarmu tsohuwar hanyar mahajjata ce, domin jiragen wancan zamani ba su iya doguwar tafiya ba tare da shan mai ba, dole su bi inda garuruwa da rijiyoyi suke. A cikin shekarun 1950 tafiya Hajji ta sama ta fara yaɗuwa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi tasa ta farko a 1955, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, wadda hukumar NAHCON ta gada bisa dokar 2006, har aka kai ga 'yan kasuwar Arewa suna da jiragen kansu, kamar Kabo Air na Kano da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, mutumin Katsina.

Mun saba da sa'a huɗu da rabi har muka ɗauka hakkinmu ne da ba mai taɓawa, sai shekarar 2023 ta nuna mana ba haka ba ne. Ran 15 ga Afrilu, cikin watan azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata 95,000 da aka ba Nijeriya kujerunsu. Sudan kuwa ita ce ta tare fiye da sulusin hanyar, ba a iya ɗan kauce mata. Jirage suka koma yin dogon kewaye, wasu ta kudu, ta sararin Kamaru da Afirka ta Tsakiya zuwa gabashin Afirka, sannan su juyo arewa ta Habasha su faɗa Bahar Maliya, tafiya ta ƙaru da kusan sa'a biyu, wani lokaci fiye. Kamfanonin jiragen Nijeriya suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila sai da aka yi musu ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, domin kowace sa'a a sama mai ne ake ƙonawa da tan-tan. Katsina ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, alƙiblar masallatan Sandamu tana nan a daraja 70, amma manomin da ya shekara goma yana sayar da gero da tumaki yana tara kuɗin kujera ya biya wani abu daga kuɗin yaƙin da bai san mafarinsa ba. Kuma ni a ganina, bai kamata ƙorafinmu ya tsaya ga sa'a biyun da muka ƙara a kan kujera mai laushi ba, alhali garuruwan da aka ƙona a ƙarƙashin wannan rufaffen sarari, Janaina da Fashir da Umdurman, su ne suka shayar da kakanninmu ruwa suka ba su masauki, kuma a cikin waɗanda aka kora daga gidajensu akwai jikokin mutanenmu.

Tsawaitar hanya tana da wata illa wadda ba a gani sai a sansanin alhazai. Jirgi guda ne yake kai sahu ya komo wayam ya ɗauki na biye, saboda haka zuwa da dawowa da sauke mutane da shan mai da duba inji sukan ci masa wajen rabin yini da dare. Matuƙa kuma doka ta iyakance musu sa'o'in aiki, ba su wuce su ko da jirgi a shirye yake. Hukumar Saudiyya kuwa takan ba kowane jirgi ƙayyadadden lokacin sauka, wanda ya kuskure nasa sai ya nemi wani. Idan kowane sawu ya ƙaru da sa'a huɗu zuwa da dawowa, ko kuwa bizar mutum 50 ta makara, jinkirin ba ya tsayawa ga sahu ɗaya, sai ya bi sauran duka. Zafin rana ma yana da hannu, domin iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi, har ya zama jirgi mai nauyi ya fi son tashin dare ko asuba da bazara. Saboda haka idan tsohuwa daga wani ƙauyen Sandamu ta tambayi sa'a nawa tafiyar take, amsar gaskiya ta haɗa da motar da za ta kai ta Daura, da wadda za ta kai ta Katsina, da kwanan sansani, da layin awon kaya da tantance fasfo, da sa'o'in sama, da zaman jiran jami'an shige da fice a can, sannan motar Makka mai tafiyar kilomita 80 ko kusa, ko kuwa ta Madina zuwa Makka mai fiye da 400. Sa'o'in jirgi su ne mafi ƙanƙanta a cikin wannan jimla, kuma su ne mafi sauƙi. Hakki ne a kan masu bita su faɗi haka ƙarara, domin mai ciwon sukari da mai hawan jini su san cewa maganinsu a jakar hannu ya kamata ya zauna, da abin taɓawa na yini biyu, ba a cikin babbar jakar da za a raba su da ita tun a Katsina ba.

Akwai kuma hazo, wanda 'yan shekarun nan suka mantar da mu shi saboda Hajji ya faɗo cikin bazara da damina. Ran 22 ga Janairu 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Ikko aka karkatar da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka ana cikin hazo da iska, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Hazo ba ya hana jirgi tafiya a can sama, amma yana hana matuƙi ganin titi, sai ya yi ta kewaye yana jiran sarari, ko ya nufi wani filin da aka tanada masa tun kafin ya tashi, wanda saboda shi ne kowane jirgi yake ɗaukar man da ya wuce bukatar hanyarsa. Lissafin wata yana nuna cewa a cikin shekarun 2030 jigilar alhazai za ta sake komawa cikin watannin hunturu. Na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka ko da ba a ganin nesa, da fitilun titi, da wutar da ba ta yankewa, da horar da ma'aikatan hasumiya, duk abubuwa ne da suke cin shekaru kafin su kammala, kuma filayen Katsina da Kano da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda suke bakin hamada, su ne suka fi bukatar a fara duba nasu tun yanzu.